Ƙusa Ɗaya Da Ta Gagari Sor Cleto

"Sora Ines, wa ya koya miki riƙe zarto? Ba burodi kike yankawa ba fa!"

Mutumin da likita ya ce ba zai kai Lahadi ba, shi ne yake daka mini tsawa daga kan gado. Ina bakin taga, na danne wata ƙawanyar tagulla a kan kujera, gumi na shiga mini ido. Na ce, "Sor Cleto, in ka fi ni iyawa, tashi ka karɓa." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Shekara talatin da ɗaya ƙofarmu na kallon juna a hawa na uku, nan unguwar Testaccio a birnin Rum. Mai gyaran famfo ne, kuma ban taɓa ganin mai tinƙaho da Rum kamarsa ba. Ko ruwa ya kurɓa a famfon titi sai ya ce, "Kakannina suka jawo wannan daga duwatsu, lokacin da sauran duniya ke shan na kududdufi." Ni kuwa in ce masa nasa kakannin kiwon tumaki suka yi.

Da safiyar ranar ya sa na sauko da wani gwangwanin biskit daga saman kabad. A ciki na tarar da ƙawanyar, ta yi kore don tsufa, faɗinta daidai wuyan mutum, an haɗe bakinta da ƙusa ɗaya. Ya ce yana saurayi suna haƙa ramin bututu kusa da kogi, shebur ɗinsa ya tono ƙasusuwan mutum, ita kuma tana wuyan. Ya cusa ta cikin jakar abincinsa bai gaya wa kowa ba. Daga baya wani tsohon fada na coci ya karanta masa rubutun jikinta: bawa ne, ya taɓa gudu, duk wanda ya gan shi ya kama shi ya mayar wa ubangidansa.

"Da ita suka binne shi, Sora Ines. Masu jawo ruwa daga duwatsu, amma ko maƙeri ba su kira masa ba."

"To kai me ya hana ka yanke ta, shekara hamsin?"

"Sau nawa na ɗauko zarto! A garin nan tun kana goye ake ce maka kada ka taɓa kayan kakanni. Hannuna ya ƙi. Hukuma kuma ban kai mata ba, don rubutun cewa ya yi a mayar da shi. Ni Cleto ba zan zama wanda ya mayar da shi ba."

Shi ya sa na ɗauki zarton, ni da ban taɓa yanka abin da ya fi kaza ba. Ina cikin karce tagullar sai ga 'yarsa Fiorella, malamar tarihi ce a sakandare, ta shigo da tukunyar romo. Ta kalli hannuna, saura kaɗan tukunyar ta suɓuce.

"Baba! Ka san me kuke ɓatawa? Wannan ta haura shekara dubu da ɗari biyar! Laifi ne fa, ana ɗaure mutum a kansa!"

"Su zo su ɗaure ni. Amma su yi sauri."

"Ba wasa nake ba. Gidan tarihi ne wurinta. Kullum ina gaya wa yara abin da aka yi wa bayi, suna hamma. Da za su ga wannan da idonsu, babu mai hamma."

"Su kulle shi a gilashi, su manna masa lamba, su ajiye masa mai gadi. Ubangidan ya samu abin da yake so ke nan."

"Baba, ƙarfe ne kawai. Mutumin ya mutu."

"To ni ma na kusa isa inda yake. In ya tambaye ni, in ce masa me? Na kwance bututun rabin Testaccio, ƙusa ɗaya ta gagare ni?"

Gaskiya na ga nata, na ga nasa, tausayinsu duka biyun ya kama ni. Fiorella ta ajiye tukunya, ta daɗe tana juya ƙawanyar a hannunta, sannan ta karɓi zarton.

"Ƙusar kaɗai za a yanke, ba za a taɓa rubutun ba. Bayan haka zan kai ta gidan tarihi a buɗe, in gaya musu ni na yi."

Na ce, "'Yar nan, aikinki fa?"

"Riƙe mini, Sora Ines."

Na riƙe. Tana yanka, shi yana ba da oda kamar yana wurin aiki: "A hankali! Kada ki danna, bar zarton ya ci da kansa. Yauwa, 'yata." Igwar da ake bugawa kullum don sanar da tsakar rana ta tashi daga kan tudu, tantabaru suka watse, ba ta ko ɗaga kai ba. Can sai kan ƙusar ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin gado.

Ta ɗora masa ƙawanyar a ƙirji. Ya kama bakinta biyu, ya ja har ta buɗe daidai yadda wuya zai fita.

"Tafi abinka, ɗan'uwa," ya ce. Sannan ya dube ni. "Romon nan ke kika dafa?"

"Fiorella ce."

"To zan sha."

Cokali uku ya sha. Wajen ƙarfe huɗu, masu shago na ɗaga ƙofofinsu a ƙasa bayan hutun rana, ya cika. Na yi kukan tsohon mai tsokanar nan fiye da yadda na zata, don ina ƙaunarsa, ban kuma taɓa gaya masa ba.

Da na dawo da wankakken zanen gado, na tarar Fiorella ta mayar da ƙawanyar cikin gwangwanin, ta ajiye a bakin taga inda rana ke faɗawa. Murfin yana gefe, a kan kujera.