Siket ɗin Matar Bature

Ni ko maɓalli ban iya ɗinkawa ba, in rigata ta yage sai in ɗora wata a kai in fita. Don haka ba ni da bakin yi wa Rabe dariya, amma dai zan yi.

Rabe mai ɗinkin buhunan hatsi ne a Jibiya, zamanin da Turawa ba su daɗe da raba ƙasa ba, nan ta Ingila, can gaba kaɗan ta Faransa. Mutanen Daddara da Kusa duk wurinsa suke kawo buhu in ya fashe. Abu ɗaya yake tsoro a duniya: dako. Duk lokacin da Baturen da ke zaune a bakin iyaka zai kai wa takwaransa na Maraɗi ziyara, sai a tara maza a ɗora musu kaya a ka. Rabe ya taɓa zuwa sau ɗaya, ya yi kwana goma wuyansa bai juya ba.

Ran nan aka sake tara su a gindin tsamiya. Kafin a fara zaɓe sai Bawa tafinta ya ce uwargidan Bature na neman maɗinki, wanda ya iya kuwa an ɗauke masa tafiyar. Rabe ya miƙe tun Bawa bai rufe baki ba. Bai yi ƙarya ba a ganinsa. Ɗinki aka ce, ba a ce na mene ba.

Bawa ya ba shi yadi mai furanni, da wani tsohon tufa na uwargidan shi ma mai furanni, irin abin da yanzu muke ce wa siket, ya ce a yi wani kamarsa cikin kwana uku.

A gida Rabe ya shimfiɗa tsohon a tabarma, ya duba shi da idon gwani. Baki tsukakke da igiyar zugewa, ciki mai faɗi, wannan duk ya sani. Da ya zura hannu sai hannun ya ɓullo ta ƙasa. Ya girgiza kai, tausayin matar ya kama shi. Ashe gindin ne ya fashe gaba ɗaya, shi ya sa take neman sabo. Wanda ya ɗinka mata a can ƙasarsu ko ninki bai yi ba.

Ya auna da kamu da ɗani, ya yanka. Allurar matarsa Hajo ta ɓace masa cikin yatsu har sau biyu, ta uku ta shige masa ƙarƙashin farce, sai ya jefar da ita ya ɗauko basilla da zare mai kauri. Nan aiki ya miƙe. Ya ɗinke gefe, ya ninka gindin sau biyu, ya bi shi da layi uku.

Hajo tana tankaɗe tana kallo. Ta yi haƙuri har rana ta biyu.

"Maigida, to ƙafafun nata ta ina za su fito?"

Rabe bai ko ɗaga kai ba. Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin ƙafar matar Bature a ƙasa. Shi dai sau huɗu yana ganinta, kullum a kwance cikin gadon igiya, ƙarti huɗu na ɗauke da ita. Mai irin wannan gata me za ta yi da ƙofar ƙafa? Hajo ta ce ko gawa ma ana barin wurin ɗaurewa. Ya ce ai ga igiya nan a baki. Ta koma tankaɗenta.

Da zare ya ragu, ya ga bai kamata ya mayar da tsohon a fashe ba, shi ma ya toshe masa gindi, kyauta.

Rana ta uku ya kai su, ya durƙusa a farfajiya. Aka shiga da su ciki. Can sai aka ji wani abu ya faɗi, aka ji muryar mace da Turanci mai yawa, wanda Bawa ya ce ba ya fassaruwa. Bature ya fito riƙe da siket biyu, fuskarsa ja. Ya zura hannu, hannu bai fita ba. Ya kama gindin ya ja iya ƙarfinsa. Ya ba dogarinsa, suka ja su biyu. Ko zare ɗaya bai motsa ba.

Sai Bature ya fara dariya har da riƙe ciki. Ya sa aka ɗebo dawar dawakinsa aka ɗura a ciki, aka zuge baki, aka ɗaga aka nana da ƙasa. Ba abin da ya zube.

Bawa ya juyo ya ce, "Rabe, ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai ga ɗinki mai ƙarfin wanga ba."

Rabe ya dubi mutanen da ke gindin tsamiya ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya shaida. Ya ce a gaya wa Bature ai layi uku ne, kuma da an ba shi kwana huɗu da ya yi huɗu.

Washegari ayari ya tashi zuwa Maraɗi da buhu biyu masu furanni. Dukansu a kan Rabe aka ɗora.