Farcen Gwaggo Ladi

A shekarar da hatsi ya ƙi a ƙasar Adar ina da shekara goma sha biyar, muna zaune a Yamai, unguwar Talladje, a wani gidan laka mai ɗaki uku da dogon yaro a tsakar gida. Sojoji ke mulki, sun kai shekara goma a kai. Baba direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yakan yi mako biyu a hanya ba mu gan shi ba, don haka gidan na mata ne: Inna, da yayata Halimatou mai aikin keken rubutu a wani buro, wato ofis, da ni Ramatou. Ta huɗunmu ita ce Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, wadda ta zo daga ƙauyenmu na kusa da Buza bayan kakar da ba a yanki ko zangarniya ɗaya ba.

Gwaggo ba ta wuce shekara talatin ba. Doguwa ce, siririya, mai wushirya. Mijinta ya tafi bida Abidjan, wato ci-rani, ita kuma ta bar ƴaƴanta biyu wajen surukarta ta zo birni neman abin da za ta aika musu. Tun da safe take fita tana bin gidaje tana yi wa mutane daka da wanki. In ta dawo ba ta zama. Ta share gida, ta ɗebo ruwa a famfon unguwa, ta karɓe taɓarya daga hannun Inna. Mai unguwa ya rubuta sunanta cikin waɗanda fari ya koro, aka ba ta kati, duk wata tana karɓar jar dawa ta taimako. Duk ranar da ta zuba ko tiya ɗaya, wato mudu, a tukunyarmu, sai Inna ta yi mata faɗa. Sauran kuwa takan ɗinke bakin buhun ta ba wani abokin Baba mai zuwa Tawa ya kai wa ƴaƴanta.

Wata Asabar cikin bazara, lokacin muna hutun lakwal, ba ma zuwa makaranta, Yaya Halimatou ta dawo daga aiki da azahar, ta jingine ɗan babur ɗinta mobilet, ta kira ni ɗaki. Ta buɗe sakoshi, jakarta ta hannu, ta fito da ƴan kwalabe uku na jan farce. Wata abokiyar aikinta ce, Aïchatou, ta zo da su daga Lome ta ba ta.

Mun san jan farce, ana sayar da shi a butiki, amma ja ne kawai kamar jan baki. Waɗannan daban ne. Ɗaya ruwan hoda ne mai sheƙi, in ka juya kwalbar sai launin ya bi hannunka. Ɗaya ja ne mai duhu kamar zoɓo, da ƙyalli a can cikinsa. Na ukun kamar ruwa yake, amma ƙasan kwalbar cike da ƴan ɓarɓashin zinariya. Yaya ta girgiza shi, ɓarɓashin suka tashi suka cika kwalbar, sannan suka riƙa sauka a hankali. Na sa ta sake girgizawa har sau uku.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro. Inna na tsintar shinkafa a faifai, ta ɗago ta dube mu.

"Wannan abin yana hana ruwan alwala taɓa farce," in ji ta. "Wadda ke salla kada ta soma."

"Ni ina hutun salla, Inna," Yaya ta ce.

"Ke fa, Ramatou?"

Na sunkuyar da kai. Ni ba na hutu, kuma Inna ta sani.

"To ke ki shafa wa yayarki."

Haka aka yi na zama mai shafawa. Na fara da ruwan hodar. Warinsa ya bugi hancina, kamar fetur da aka gauraya da ayaba. Shafin farko na zuba da yawa, ya gangara gefen yatsa, Yaya ta ranƙwashe ni da ɗaya hannun. A hankali na gane: a goge burushin a bakin kwalba, a ja sau ɗaya a tsakiya, sau ɗaya a kowane gefe. Muka gwada kowane launi a yatsa daban. Muka gwada zinariyar ita kaɗai, ba ta fito ba sosai. Da muka ɗora ta a kan jan zoɓon, sai Yaya ta miƙa hannu cikin hasken da ke ratsowa ta ganye, mu duka muka zuba masa ido. Wani ƙuda ya sauka a ɗan yatsanta ya maƙale, sai da muka cire shi da tsinke muka sake shafawa.

Duk wannan Gwaggo na bakin turmi tana surfe, tana satar kallonmu.

"Gwaggo, zo ki gani," Yaya ta ce.

"Ina gani daga nan."

"Zo a sa miki."

"Ni? A wannan hannun? Ku bar ɓarna."

Amma ta ajiye taɓarya ta matso, ta durƙusa a bakin tabarma. Ta kama yatsun Yaya tana juya su. Can ta dubi Inna, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, ni ma tun jiya ba na salla."

Inna ta yi dariya har shinkafar ta zube. "To me kike jira? Zauna. Ni zan ƙarasa surfen."

Ban taɓa riƙe hannun Gwaggo ba sai ranar. Yana da nauyi kamar na namiji. Faratanta faɗi ne da su, masu layi-layi, bakinsu duk a tsattsage, da sauran tsohon lalle a can ƙarshe. Na gyara su da reza, na goge bakinsu da gefen kwalin ashana har suka yi santsi. Ta zaɓi jan zoɓo, da zinariya a kai. Ina shafawa tana riƙe numfashi kamar ana yi mata allura.

"Yanzu kada ki taɓa komai sai ya bushe," Yaya ta ce.

"Har yaushe?"

"Sai na ce miki."

Gwaggo ta zauna da hannuwa a kan gwiwoyi, yatsu a ware, ina yi mata fifita da mafici. Tun zuwanta gidan wannan ne karo na farko da na gan ta zaune hannu wofi. Ta rasa inda za ta sa idonta. Akuyar maƙwabta ta shigo ta nufi turmi, ta yunƙura za ta tashi, muka danne ta. Daga baya na gane Yaya ta ninka lokacin da gangan. Muna nan zaune Gwaggo ta ba mu labarin bikinta, yadda aka ɗaure mata lalle kwana uku, da yadda raƙumin da ya ɗauko kayanta ya durƙusa a tsakiyar hanya ya ƙi tashi. Rana ta yi sanyi, rediyon wani gida na kiɗan gurmi, Inna na surfe tana sa baki. In an ce in zaɓi yini ɗaya daga ƙuruciyata in koma, wannan yammacin zan zaɓa.

Ba mu da ruwan gogewa, wanda Yaya ke kira disolban. Ta ce za ta karɓo wajen Aïchatou ranar Litinin. Ba wanda ya damu, tunda rabon dawa sai Alhamis. Amma ranar Lahadi da hantsi mai shela ya bi unguwa yana cewa an dawo da rabo gobe Litinin da safe, wanda bai zo ba sai wani watan.

Gwaggo ta dubi hannunta. Ta gwada kananzir, bai yi komai ba. Ta gwada reza a babban yatsa, zinariyar ta kama kamar an dasa ta, ta yanke kanta kaɗan ta haƙura.

"Zan ɓoye cikin mayafi," ta ce.

Litinin na raka ta don in taya ta ɗauka. A filin wata makaranta ake rabon. Mata sun fi ɗari biyu a layi, Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, wasu da goyo, wasu zaune a ƙasa don ba su iya tsayuwa. Gwaggo ta naɗe hannuwanta cikin mayafi, katinta ni na riƙe. Sai kusan azahar muka isa gaban teburi. Wani malami na duba sunaye a littafi, a gefensa wani soja matashi yana kama yatsan kowace mace yana dangwala shi a tawada sannan a takarda. Wannan ne muka manta.

"Hannu," in ji sojan.

Gwaggo ta fito da shi. Rana na tsaka, zinariyar ta ɗauki haske. Matan da ke bayanmu suka fara leƙe. Sojan ya riƙe yatsun yana kallo, ya faɗa wa malamin wata magana da Faransanci, malamin ya yi dariya.

"Baiwar Allah," sojan ya ce, "nan wurin masu yunwa ne. Mai irin wannan hannun kasuwa take zuwa." Ya tura katin gefe. "Koma can. Ta gaba."

Kunya ta rufe ni. Na so in ce ni na shafa mata, wasa ne muka yi a gida, amma bindigar da ke rataye a kafaɗarsa kawai nake gani. A zamanin nan ba a ja-in-ja da mai kaki.

Gwaggo ba ta gusa ba.

"Ɗan'uwa," ta ce, muryarta a kwance, "bayan hannun ka gani. Ga cikinsa."

Ta juya hannuwan biyu ta shimfiɗa su a kan teburin, a kan littafin malamin. Tafin duk kanta ne, mai kauri, rawaya-rawaya. Akwai wani kwari da ya ratsa kowane tafi daga gefe zuwa gefe, baƙi, sawun igiyar guga, da tsagogi a gindin yatsu inda fata ta fashe ta warke ta sake fashewa.

Sojan ya daɗe yana kallo.

"Rijiyarku gaba nawa ce?" ya tambaya.

"Talatin da biyu. Bana maza sun ƙara uku, ba su tadda ruwa ba."

"Tamu ashirin da takwas," ya ce. "Uwata ke ja."

Ya jawo katin, ya kama babban yatsanta a hankali, ya kauce wa wurin yankan, ya dangwala. Yana sakin hannun ya sake juya shi ya dubi faratan.

"Wa ya yi miki?"

Gwaggo ta nuna ni da haɓa.

"Ta iya," ya ce, bai yi murmushi ba. "Ta gaba."

Muka raba dawar gida biyu, ta ɗauki mai yawan. Muka yi ta tafiya har muka yi nisa da makarantar. Da muka iso wata inuwa sai ta sauke kayanta ta zauna a ƙasa.

"Ramatou, zo mu ɗan huta."

Na zauna kusa da ita na fara kuka, ina ba ta haƙuri.

"Haƙurin me? Ke kika hana ruwan sama?" Ta share min fuska da gefen mayafinta. "Kada dai ki faɗa wa babanki."

Amma muna shiga gida ita da kanta ta kwashe labarin ta faɗa wa Inna, tana kwaikwayon tsayuwar sojan da yadda yake ɗage haɓa. Da yamma Yaya ta dawo da disolban da auduga, ranta a ɓace da jin abin da ya faru, ta ce a goge yanzu. Gwaggo ta maida hannuwanta baya.

"An riga an gani. A bar min shi sai Laraba, ranar zan yi wanka."

Kwana biyun nan da shi ta je daka gidajen mutane. Ta ce a gida ɗaya matar ta tsayar da ita ta kira maƙwabta su zo su gani.

Laraba da safe na goge mata. Jan ya fita da sauƙi, amma ɓarɓashin zinariyar sai da muka jiƙa auduga muka ɗaure a kowane yatsa. Da suka saki, sai suka watsu ko'ina. Makonni muna tsintarsu a tabarma, a bakin randa, a gashin girar Inna. Da Baba ya dawo daga tafiya yana cin tuwo, ya tsaya ya ɗago loma yana dubawa.

"Mene ne wannan ke walƙiya a miya?"

Mu huɗu muka dubi juna.

"Ci abincinka, Malam," Inna ta ce. "Ba ya kisa."

Ruwan farko ya sauka a watan shida. Bayan kwana huɗu aka yi shela cewa gwamnati ta ba da motoci za a mayar da mutanen ƙauye gida da irin shuka. Gwaggo ta ɗaure kayanta a zane ɗaya. Baba ya ce ta jira a ga ko daminar za ta tsaya, ta ce ƙasa ta jiƙa, kuma ƙaramin ɗanta ya kusa mance fuskarta. Muka raka ta tasha da sassafe. Maza biyu suka ja ta sama, ta sami wuri a kan buhunan iri tsakanin wasu tsofaffi. Motar ta tashi, tana ta faɗa wa Inna wani abu da ƙarfi, ƙarar inji ta hana mu ji. Sai da muka dawo gida muka gane: ta jiƙa wake a ƙwarya a bayan ɗaki tun asuba, tana tsoron kada mu manta ya yi tsami.