Ragon Alhaji Almu a Kotun Manassas

"Cinyar rago," in ji Masawudu. "Duk Babbar Sallah, har ranar da ɗayanmu ya riga ɗaya."

"Cinya guda? Kai ɗan Kumasi, ji tsoron Allah. Kai da ƙafafu dai."

"Alhaji, kai da ƙafafu rabon mai fiɗa ne. Ni kujera zan samo maka."

Alhaji Almu ya shafa gemu, ya dubi rufin tasi ɗin da suke zaune a ciki, sannan ya miƙa hannu. "Na yarda. Amma da sharaɗi. Shekarar kawai za ka nuna wa mutane. Laifin kuwa, ka danne shi da babban yatsa. Kada bakinka ya faɗe shi."

"Bakina ba zai faɗa ba," in ji Masawudu, suka tafa.

Ga abin da ya kawo wannan ciniki. Dattijon ƙungiyar Hausawan yankin Washington ya tattara ya koma Kano, kujerarsa ta zama ba kowa. Kujera ce da ba ta da albashi, amma mai ita shi ke zama a tsakiya ranar suna, shi ake fara miƙa wa goro, shi ke ba da auren yarinyar da iyayenta ke gida. Ƙa'ida kuma ɗaya ce tun fil azal: wanda ya riga kowa zuwa ƙasar, shi ne dattijo. Mutum biyu suka rage daga 'yan farko, Alhaji Almu mai kantin kayan abinci a Takoma Park, da Alhaji Zulkifilu mai tura motoci Kwatano. Almu ya ce Zulkifilu a falonsa ya sauka. Zulkifilu ya ce a'a, Almu ne ya sauka a nasa, har da bargo ya ara masa. Shaidu duk sun ƙare, wasu na ƙasa, wasu na gida. Takardun zama kuwa, kowa ya san ba ranar da mutum ya zo suke faɗa ba, ranar da ya daina ɓuya suke faɗa.

Abu ɗaya Almu ya tuna: sunansa ya taɓa shiga kotu a shekarun nan na farko. Shi ya sa ya nemo Masawudu, domin tsohon direban tasi ne, babu kotun gunduma daga Maryland zuwa Virginia da bai ɗumama bencinta ba saboda takardar tarar 'yan sanda.

"A ina abin ya faru?" Masawudu ya tambaya.

"Woodbridge. Can nake haya a lokacin."

"To ba nan za mu nema ba. Kowace gunduma da rumbunta. Inda aka kama ka, nan takardarka take kwana. Manassas muka yi."

A cikin cunkoson hanya ne Masawudu ya tatso labarin, kamar mai tatsar saniyar da ba ta so. Sallar layya ce. Almu ya sayo rago a wata gona, ya ɗauko shi a kujerar baya, ya ɗaure shi a bayan gida. Da safe ragon ya tsinke igiya. Sauran kuma Almu ya ce ba sai an faɗa ba, an dai je gaban alƙali, an ci shi tara.

"Ragon fa?"

"Tuƙa motarka."

A ƙofar kotu aka ce kowa ya juye aljihunsa. Na'ura ta yi kuka a kan Almu, aka lalubo 'yar wuƙar da yake ɓare goro da ita. Dole ya koma mota ya ajiye.

"Alhaji, kai da wuƙa har cikin kotu," in ji Masawudu.

Ma'aikaciyar da suka tarar a bayan gilashi dattijuwa ce, sunanta Olive, a rubuce a ƙirjinta. Ta nemi cikakken suna, ta nemi shekara, sannan ta ce wace irin shari'a ce? Almu ya sunkuya ya yi raɗa. Ta ce ba ta ji ba. Ya ƙara. Ta nuna kunnenta. Sai da ya ɗaga murya ya ce maganar rago ce, har mutanen da ke layi a bayansa suka daina latsa waya.

Matar ta yi iya ƙoƙarinta. Ta buga sunan yadda ya rubuta, ta juya shi, ta sa sunan uba a gaba, ta sa shi a baya. Babu. Daga nan ta yi musu bayani a hankali cewa ƙananan shari'u irin wannan ba a ajiye takardunsu har abada, bayan wasu shekaru kawar da su ake yi. Da ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu, da wataƙila a samu wani abu. Ya ɗaukaka?

Ina fa. Ranar ko takalminsa bai tsaya ɗaurawa ba.

Ta sa musu takardar da ke bayanin yadda ake neman bayanan kotu a cikin wani babban ambulan, ta miƙo. Har sun juya ta kira su, ta ce don Allah, ragon ya tsira?

A mota Almu ya zuba wa titi ido. Shekara da shekaru yana roƙon Allah ya shafe wannan takarda daga doron ƙasa, ashe an karɓi addu'ar, sai yanzu da yake son ta. Masawudu kuwa sai shafa ambulan yake yi yana murmushi.

"Cinikinmu na nan, Alhaji. Kai dai ranar taro ka yi shiru, ko me ka ji."

Ranar Lahadi bayan la'asar zauren da ƙungiya ke haya ya cika, maza gaba, mata baya da kulolin waina. Masawudu ya miƙe, ya ajiye ambulan a kan tebur, ya ɗora tafin hannu a kai. Almu ya kau da kai, don ya san abin da ke cikin ambulan ɗin.

"Jama'a, mun je kotun Manassas," in ji Masawudu. "Kafin in buɗe wannan, bari ku ji irin mutumin da Allah ya ba ku. Wata shekara can baya Alhaji Almu ya yi layya a Woodbridge. 'Yan sanda suka zo. Alhaji ya fito da babbar riga, ya tsaya a ƙofa, ya yi musu Turanci irin na Ingila. Nan take suka cire huluna suka ba shi haƙuri. Babbansu ma shi ya riƙe ƙafar ragon. Suka zauna aka gasa hanta..."

Almu ya saci kallon Zulkifilu. Mutumin yana ta motsi a kujera kamar wanda ya zauna a kan cinnaka. Duk wanda ya san Zulkifilu ya san zai iya haƙura da yunwa, amma ba zai iya haƙura ya ji ana yabon Almu ba.

"Da za su tafi," Masawudu ya ci gaba, "sai suka ce, ranka ya daɗe, baɗi ma a kira mu."

"Ƙarya ne!" Zulkifilu ya miƙe har hularsa ta karkace. "Wallahi ƙarya ne! Wane Turanci? Ragon ne ya tsinke ya faɗa lambun wata tsohuwa ya cinye mata furanni! Wannan bawan Allah ya bi shi a kan titi da wuƙa tsirara, daga shi sai zanen wanka, yana kabbara! Da ya ji jiniya ya watsar da wuƙar ya shige kwandon shara ya ja murfi! Da ƙafa aka gane shi!"

Zaure ya kece da dariya. Wata daga baya ta ce, "Ragon fa, Alhaji?"

"Gidan dabbobi aka kai shi! Yaran unguwa suka sa masa suna Alexander! Tsufa ne ya kashe shi! Mu kuwa kaza muka ci ranar Sallah!"

"Kai Alhaji," in ji Masawudu a sanyaye, "ji ka yi dai a bakin mutane."

"Ji? Da idona! Ta tagar falonsa nake leƙe! Satin na sauka daga jirgi, ko akwatina ban buɗe ba, a kan kujerarsa nake kwa..."

Ya tsaya da baki buɗe. Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo, sannan ta dawo ta fi ta farko. Masawudu ya ɗauki ambulan ɗinsa ya cusa a aljihu, ba wanda ya ce ya buɗe.

Aka ɗora Almu a kujerar tsakiya, aka miƙo masa goron farko. Yana ɓarewa da farce ya ji wani a baya ya yi kukan rago ƙasa-ƙasa.

A waje ya damƙo hannun Masawudu. "Ka ci amana. Cewa muka yi ba za a faɗa ba."

"Cewa muka yi bakina ba zai faɗa ba. Ni ƙarya kawai na yi, Allah ya yafe mini. Gaskiyar kuwa, abokinka ne ya faɗa."

To, ga yadda aka tashi. Zulkifilu ya rasa kujera, amma ya sauke labarin da ya daɗe yana ƙaiƙayinsa, har ƙiba ya yi. Almu ya sami kujera, ya rasa sunansa, don daga Takoma Park har Manassas yanzu Baban Alexander ake ce masa, wasu ma a gabansa. Wanda ya ci riba tsantsa Masawudu ne. Duk Babbar Sallah yana zuwa karɓar cinyarsa, kuma ba ya tafiya sai ya tambaya ko a mahauta aka yanka.