Yadda Ɗan'iya Ya Durƙusar da Inji

Kaka ta biyu bayan samun mulkin kai, wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gidan marigayi Malam Sambo a Tambuwal, ta zubar da ƙarafa, ta sauke Ɗan'iya kusa da su, ta wuce. Shekara huɗu rabon garin da shi. Ya tafi Sakkwato da riga ɗaya, ya dawo da gajeren wando, da fensir a bayan kunne, da abin da ya ce injin tsaga katako ne. Baturen da yake wa aiki ya koma ƙasarsu, aka yi gwanjon kayan shagonsa, Ɗan'iya ya juye duk abin da ya tara ya sayi wannan.

Ga mai kallo, tarkace ne kawai: gindin ƙarfe mai ƙafa huɗu, zarto zagayayye kamar faifai, ɗan injin gas da ke juya shi da bel, da gwangwani cike da notuna. Sai uban gayyar, shimfiɗeɗɗen ƙarfen da ake ɗora katako a kai, wanda sai da ƙarti shida suka sauko da shi suna nishi.

Yayansa Malami, mai riƙe da gidan, ya zagaya ƙarafan sau ɗaya, hannu goye a baya. Ya ce zai ba shi aron ɗakin soro na bakin ƙofa, inda ake jibge gero. Amma dammunan gonar Kebbe suna tafe nan da kwana goma. In ranar ta zo injin bai tsaga katako ba, ƙarafa su fita, gero ya shiga, shi kuma Ɗan'iya ya kwashi matarsa ya tare a Kebbe ya riƙe gona, kamar yadda ya kamata tun farko. Ɗan'iya ya tsani gonar nan fiye da zazzaɓi. Ita ce ma ta kore shi Sakkwato.

A gindin durumin da ke fuskantar gidan Ɗanmaliki wanzami yake aski, kuma a nan ake yanke wa kowa hukunci. Nan take ya raɗa wa Ɗan'iya suna Injiniya. Ya ba da shawara a kira gayya, samari su taru su ɗora ƙarfen kan gindinsa, a ba su fura. Ɗan'iya ya san gayyar garinsu. Duk wanda ya taɓa ƙarfen nan da ɗan yatsa, shekara ashirin zai yi yana faɗa a kasuwa cewa shi ya haɗa wa ɗan Malam inji.

"Baba Ɗanmaliki, ni ɗaya nika haɗa shi," in ji Ɗan'iya. "Wanda duk ya sa min hannu, na bar mishi injin."

Ɗanmaliki ya goge aska a tafin hannu, ya ce to, kowa ya ji.

Abin da Ɗan'iya bai faɗa ba shi ne, a shagon Baturen bai taɓa riƙe sufana ba. Aikinsa share dusar katako da zuba wa inji mai. Amma shekara huɗu yana rarrafe a ƙarƙashin injin da tsintsiya, ya san cikinsa fiye da mai shi. Kwana uku ya ishe shi ɗaure ƙafafu, da zaunar da ƙarfen da zarto ke juyawa a kansa, da wanke notuna da kananzir. Ya fito yana taƙama, mai har gwiwar hannu, ya ƙi wankewa sai da 'yan gindin durumi suka gani.

Saura shimfiɗeɗɗen ƙarfen. A Sakkwato da sarƙa da ƙugiya ake ɗaga shi. A nan sai ya ɗauko gugan rijiya ya kwance igiyarsa, ya rataya a azarar rufin ɗakin, ya ɗaure ƙarfen, ya ja. Ƙarfen bai ko motsa ba. Azarar ce ta yi ƙara, ƙasa ta zubo masa a ka. Ya fito fari fat yana tari. Ɗanmaliki ya tambaye shi ko a Turai da rufi ake fara tsagawa kafin katako. Malami bai yi dariya ba, ya dai leƙa ya dubi azarar, ya ce saura kwana biyar.

Ya gwada tara duwatsu yana ɗaga gefe ɗaya da ƙarfen dagi, yana cusa dutse. Da ya kai tsayin gwiwa, duwatsun suka zame, ƙarfen ya faɗo ya cire masa farcen babban yatsan ƙafa. Matarsa Ni'imatu ta ɗaure masa da tsumma, ta gaya masa ba da wasa ba cewa ta riga ta fara haɗa tukwanenta, don ta ji an ce rijiyar gonar Kebbe tana da nisa.

Ranar kasuwa ya ɗingisa ya tafi neman sabuwar igiya. A bakin kasuwa ya tarar da Buzaye suna ɗora wa raƙumi buhunan kanwa. Ba wanda ya ɗaga buhu sama. An durƙusar da raƙumin ne, aka mirgina masa kaya. Ɗan'iya ya tsaya yana kallo har mai raƙumin ya tambaye shi ko saye zai yi. Bai sayi igiyar ba.

Ya koma ya rufe ƙofa, ya ɗauki dagi ya fasa daɓen ɗakin, daɓen da uwarsu ta tara matan unguwa suka yi da waƙa. Ya haƙa rami daidai tsayin gindin injin, da gangara a gefe guda. Ya tura gindin ya sauka ciki. Ya shiga gida ya kwaso taɓaren Ni'imatu guda uku ba tare da ya tambaya ba, ya cusa su ƙarƙashin ƙarfen da dagi, ya yi ta turawa yana mirginawa, taɓarya ɗaya ta tsage, har ƙarfen ya zauna a kan gindinsa. Ya kutsa ƙasa ya kwanta rigingine, wurin da ya fi sani a duniya, ya ɗaure noti goma sha biyu.

Da ya fito ya tsaya yana murmushi, sai murmushin ya tsaya. Raƙumi yana miƙewa da kansa. Inji ba ya miƙewa. Abin da ƙarti shida suka sauke da kyar, yanzu an ƙara masa gindi, yana cikin rami, fuskarsa daidai da ƙasa. Mai tsaga katako kuwa a tsaye yake aiki, ƙarfen daidai ƙugunsa. Ɗan'iya ya zauna a bakin ramin ya daɗe. Sannan ya sake ɗaukar dagi, ya haƙa wa kansa nasa ramin a gaban zarton.

Jakunan Kebbe suka iso da hantsi a rana ta goma. Malami ya tura ƙofa, Ɗanmaliki da rabin gindin durumi a bayansa. Suka ga rabin Ɗan'iya, daga cibiya zuwa sama, fensir a kunne, yana leƙo su daga ƙasa.

"Inna lillahi," in ji Ɗanmaliki. "Malami, ƙanenka ya gina kushewa tai da kai nai. Mi ya rage, mu yi mishi salla?"

Aka yi dariya har wani ya dafa bango. Ɗan'iya ya fito, ya ɗingisa wurin ɗan injin gas, ya murɗa hannun tayar da shi. Sau uku yana tari yana mutuwa. A na huɗu ya kama, bel ya ja, zarto ya ɗauki kuka. Jakuna biyu suka watsar da kaya a waje. Ya mirgino wani gungumen maɗaci da ƙafa a kan ƙasa, ba ɗagawa, ya faɗa raminsa, ya tura. Gungumen ya rabu biyu, dusa ta cika gemun Ɗanmaliki.

Da ƙarar ta mutu, Malami bai dubi katakon ba. Daɓen ya duba, da ramukan biyu, da tsagaggiyar azara. Ko da injin bai yi ba, ba mai hankalin da zai zuba gero a nan, ɓera da gara su yi biki.

"Ka ci ɗakin," ya ce. "Ba don injinka ba. Don ka kashe shi." Ya juya ya ce a kai dammunan bayan gida, a nemi mai gina rumbu.

Ɗanmaliki yana karkaɗe gemu ya tambaya, da murya ƙasa-ƙasa, ko dama haka aka saba kafa irinsa.

"Haka aka yi nai Ingila," in ji Ɗan'iya. "Don kada a wahala da ɗaga icce."

Kafin la'asar, Ɗanmaliki yana gaya wa wanda yake wa aski cewa shi tun ranar farko ya san sai an yi rami. Ni'imatu ta kwance tukwanenta, ta aiko a gaya wa Injiniya abin da zai fara tsagawa shi ne icen taɓarya.