Gudu a Gaban Suruki

Ni tela ne, kuma kowa ya san tela ƙafafunsa ne ke tafiya, shi yana zaune. Shekara ashirin na yi ina taka keken ɗinki a bakin kasuwar Tasawa, da a ƙasa na yi takun nan da tuni na je Makka na dawo. Da na sayi keke mai aiki da lantarki sai ƙafafun ma suka samu hutu, tumbi ya karɓi aiki. Ranar da jiri ya kwashe ni ina auna wa wani mutum wuyan riga, aka kai ni asibiti, Mariama mai awon jini ta ɗaura mini abin awo a dantse. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta tambaye ni ƴaƴana nawa. Na ce huɗu. Ta ce to, in ina son ganin aurensu, in rage gishiri da tsire, in riƙa motsa jiki. An ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Nawa dai ya zo, sunansa hawan jini.

Washegari bayan sallar asuba na ƙara ɗaure zariyar wando na kama gudu ni kaɗai. A garinmu magidanci mai furfura a gemu ba ya gudu haka siddan, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin in kai tashar mota mutum bakwai na biye da ni, ɗaya da bokitin ruwa, ɗaya da sanda, wata tsohuwa tana salati tana tambayar gidan wa ya kama wuta. Da na tsaya ina haki na ce musu lafiya lau, motsa jiki nake yi, mai bokitin ya dube ni sama da ƙasa ya ce saura kaɗan ya sheƙa mini ruwan.

Wani mutum da ake kira Na Allah ne ya cece ni daga wannan abin kunya. Tsohon malamin wasanni ne na kwaleji, ya aje aiki amma bai aje usur ɗinsa ba. Ya zo shagona ya ce mini mutum ɗaya in yana gudu masifa ce, mutum ashirin in suna gudu wasanni ne, har hanya ake ba su. Haka na shiga Ƙungiyar Sammako. Muna haɗuwa a filin ƙwallo sau uku a mako, da zarar an fito masallaci. Akwai malaman makaranta, akwai direbobi, akwai ita Mariama kanta, da hijabinta da dogon wandonta, tana barin mazaje a baya ba ko waiwaye. A mako ɗaya muka shiga ƙungiyar ni da Rabilu mahauci, wanda tsirensa ne ya kai ni halin da nake ciki, shi ma kuma tsiren bai bar shi ba. Kullum mu biyu ne a ƙarshe, muna haki, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Ƙungiyar tana da riga ruwan ɗorawa, suna ce mata mayo. Ba a sayenta, ba a aronta. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama girbi, ake gudun kilomita goma, wanda ya gama bai tsaya ba ko sau ɗaya shi ake ba. In ka tsaya, ko ƙaya ka duƙa cirewa, sai baɗi. Na Allah da kansa yake bin sababbi a kan babur yana lura. Abin haushin, ni na ɗinka rigunan bana guda goma sha biyu da hannuna, amma ba ni da ikon zura ko ɗaya. In an tashi ɗaukar hoto masu riga ne ke jeruwa, ni da Rabilu mu ne masu riƙe wayoyi. Ba zan ɓoye ba, tun aurena ban taɓa son wani abu kamar yadda na so rigar nan ba.

Wata bakwai ina fama. Tumbin ya fara ja da baya, wandunana duk na rage musu ƙugu, Mariama ta daina ɓata fuska in ta auna ni. Saura mako biyu Na Allah ya busa usur ya tara mu.

"To, bana hanyar Maijirgi za mu bi," in ji shi. "Mota ta kai mu kilomita goma, mu dawo gida da ƙahwa."

Kowa ya tafa, ban da ni. A kan hanyar nan, kilomita huɗu kafin a shigo gari, ƙauyen surukaina yake. A bakin kwalta akwai wani babban bedi, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro, kuma a ƙarƙashinsa mahaifin matata yake shimfiɗa tabarma kowace safiya tare da tsofaffin ƙauyen, tun da ya bar wa ƴaƴansa gona. Sunansa Malam Jaji, kuma daga yau ba za ku sake jin sunan a bakina ba, Baba nake ce masa.

Sai an san yadda muke da shi za a gane damuwata. Lokacin da na nemi auren Hafiza ni ɗan koyo ne, ko almakashi nawa na kaina ba ni da shi. Dangi suka yi ta guna-guni. Baba ya ce ya lura da yaron nan, tun daga nesa yake cire takalmi in zai gaishe shi, kuma wanda ya san darajar tsoho ba zai taka masa ɗiya ba. Da wannan magana kaɗai aka ba ni mata. Shekara goma sha shida ke nan ban taɓa wuce bedin nan ban tsaya ba. Ko a kan babur nake sai na sauka, na tuɓe takalmi, na tsuguna, mun gaisa tun daga gajiya har zuwa lafiyar awaki. Bai taɓa ganin kaina ba hula ba. Yanzu ana so in zo in wuce ta gabansa a guje, ina zufa, ko sannu babu.

Na fara da Na Allah. Na roƙe shi a canza hanya, ya ce an riga an sanar da hukuma. Na ce to in na zo wurin in zaga ta bayan ƙauye, ya ce wanda ya bar kwalta ya bar gasa, kuma gonakin can ƙarangiya ce zalla. Na ce in tsaya minti ɗaya tak, in gaisa. Ya ce in ya yarda mini, Rabilu ma yana da kawu a hanyar, Mariama tana da gwaggo, sai a wuni ana ina kwana ba a iso ba. Gaba kura, baya sayaki.

Na koma gida na faɗa wa Hafiza, ina tsammanin za ta tausaya mini. Ta yi dariya har ta aje ludayin da ke hannunta. Na ce ta taimaka ta san dabarar da za a yi Baba ya je wani wuri ran Lahadi, ranar gudun, ko ziyara ko duba mara lafiya. Ta ce ranar da aka yi gobara a ƙauyen ma sai da aka ɗauke shi da tabarmar. Ran Juma'a ta shirya ta tafi gida wai za ta kai masa maganin ciwon gwiwa. Da ta dawo na yi ta kallon bakinta, ba ta ce komai ba sai dai wai suna gaishe ni, kuma geron bana ya yi kyau.

Ran Asabar na yanke shawara, ina zaune a shago ina goge rigunan da za a raba. Riga dai riga ce, baɗi ma ana yi. Zan tsaya. Na ji zafin abin sosai, har na juya wa ƙofa baya kada mai shigowa ya ga idona. Na ɗinka wa kaina dogon wando mai sauƙi, na nemi hula mai kama kai, don ko tsayawar zan yi in tsaya da mutunci.

Lahadi da sassafe mota ta zube mu a bakin hanya, mu ashirin da biyu. Kafin a busa usur na duƙa na sassauta igiyar takalmana, don in na isa bedin kada in tsaya kokawa da ƙulli a gaban manya. Muka tashi. Rana tana bayanmu, inuwarmu ta yi tsawo a gaba, amalanken jakuna ɗauke da dammunan gero suna ratsewa gefe suna ba mu hanya. Ban taɓa jin jikina da sauƙi kamar ranar ba, abin da ya ƙara mini haushi ke nan. Mariama ta ɓace tun a kilomita na biyu. Rabilu yana bayana yana huci kamar sa, Na Allah yana bayansa a kan babur yana tafiya a hankali.

Daga nesa na hango bedin. Na fara rage gudu, na gyara zaman hula, ina shirya gaisuwa a baki. Da na matso sai na ga abin da ban gane ba. Tabarma tana nan, tsofaffi biyar suna nan, amma duk sun juya wa hanya baya. Sun fuskanci wani rumbu da ke bayan itacen, sun zuba masa ido kamar yana yi musu wa'azi, kowa na jan carbi. Baba yana tsakiya, na gane shi da farin rawaninsa.

Duk da haka ƙafata ta nufi gefen hanya, don abin da jiki ya saba shekara goma sha shida ba ya jin magana. Ina dab da cin birki na ji muryar Baba, ya ɗaga ta yadda ba ya ɗagawa, yana magana da na kusa da shi.

"Sha'ibu, ni dai yau ban ga kowa bisa hanyar ga ba."

"Ni ma haka, Malam," in ji tsohon.

"Amma da akwai mai wucewa, da na ce mashi ya ɗaga ƙahwa, don mahaucin ga ya kusa taka mashi diddige."

Ban san lokacin da na zabura ba. Zaburar da na yi kuwa takalmin dama, wanda na sassauta da hannuna, ya fice ya yi tsalle ya faɗi a gefen kwalta, daidai bayan tabarmar. Na waiwaya, Na Allah ya girgiza mini kai daga kan babur. Haka na ci gaba, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa, ina ɗingishi ina share hawaye, ina ce wa kaina zufa ce.

Rabilu ya wuce ni a bakin gari, ya ce in gaida takalmina. Na zo na ashirin cikin ashirin da biyu, safar ta zama tsumma, tafin ƙafata ya yi ƙuna. Amma ban tsaya ba. Na Allah ya zura mini rigar da kansa, rigar da ni na ɗinka, kuma sai a ranar na lura na ɗan matse mata hammata. Aka jeru ɗaukar hoto, na miƙa hannu zan karɓi waya bisa sabo, Mariama ta jawo ni cikin layi.

Bayan la'asar na yi wanka, na sa babbar riga da hula, na hau babur na koma ƙauyen. Tun daga nesa na sauka, na tuɓe takalmi, na tako a hankali saboda ƙafar, na tsuguna a bakin tabarma. Tsofaffin sun dawo da fuskarsu hanya kamar kullum. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, na tambayi gwiwa. Ina tsugunen nan idona ya kai kan rumbun, na ga an soke madubin babur a jikinsa, yana kallon kwalta. Na yi sauri na mayar da kaina ƙasa.

Baba ya ce ya ji labari wai wasu mutane sun wuce nan da safe a guje, babu mai korarsu, shi dai bai gan su ba. Na ce ni ma na ji ana faɗi. Sai ya sa hannu a bayansa ya jawo takalmina, an kakkaɓe shi tsaf, an zura igiyar daidai, ya aje a gabana.

"Wani ya yada wanga. In ka san mai shi, ka kai mashi."

Na ce to, Baba.

"Ka kuma hwaɗa mashi, shekara goma sha shidda yana cire mani takalmi, ban taɓa roƙon shi komi ba. Yau ina roƙo. Ya ɗaure wanga da kyau, kada ya bar gudun ga. Ɗiyata ba ta kai shekarun takaba ba, ni kuma na tsuhwa da riƙon marayu."

Tsofaffin suka ci gaba da jan carbinsu. Na sa hannu biyu na ɗauki takalmin, kaina a ƙasa, na ce in Allah ya yarda zan faɗa masa.