Farin Idon Mai Aski

"'Yata, matso ki duba mini farin idona," in ji tsohon mai aski daga bakin ƙofarsa.

Matar ɗansa ta dire kwanon abinci a ƙasa, ta ja da baya, gefen mayafi a hanci.

"Lafiya lau yake, Baba."

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Tun ranar da aka ce tarin fuka ne aka mayar da shi ɗakin ajiya na bayan gida, shi da karyayyar fanka. Aka ɗaura wa cokalinsa jan zare. Mutumin da ya shekara arba'in yana riƙe da haɓar mutane, yau gaisuwa ma sai an jefo masa daga nesa. Abin na ci masa rai.

Nas ɗin asibiti ta ja masa kunne ranar farko. "Baba, maganin nan zai warkar da kai, amma yakan taɓa hanta. Ban da jiƙe-jiƙe, ban da ƙwayar da ba mu ba ka ba. Kullum da safe wani ya duba idonka. In ya yi rawaya, a kawo ka ranar."

Madubi kam yana da shi, na shagonsa. Sai dai yanar ido ta rage masa gani, in ya duba hazo kawai yake gani.

*

Mako na biyar abinci ya fita ransa. Fitsarinsa ya yi duhu, gefen cikinsa na dama ya yi nauyi. Ya kira ɗansa.

"Ina sauri, Baba. Ka dai daure da shan maganin."

Ya daure. Kwanon ya riƙa komawa a cike, aka ce tsufa ne.

*

Ranar karɓar magani, ɗan ya sauke shi a ƙofar asibiti ya tsaya waje. Nas na ganinsa ta ajiye biro. Ta tallabe haɓarsa, ta ja fatar idonsa da babban yatsa.

"Kwana nawa idon nan yake haka? Ai tuni ka daina yaɗa ciwon. Babu wanda ya kalle ka a gida?"

Tana ƙwala wa likita kira a kawo gado, shi kuwa ya yi lamo, yana fatan kada ta ɗauke hannunta tukuna.