Kifi Mai Lema

Su takwas ne a kamfanin, cunkushe a ɗakuna biyu a saman wani shagon sayar da magani, kuma shekara biyu cur suka yi suna gina wasan gem guda ɗaya. Wasan na ɗan aike ne a kan babur: ka karɓi saƙo a wannan unguwa, ka kai waccan, kana kauce wa ramuka da motoci da karnuka. Duk bango da allon shagon da ke cikin garin nan na cikin wasa, hannun mutum ɗaya ne ya zana su, wata mata 'yar shekara talatin da uku da tun tana yarinya ake kira 'Yar Mai Fenti. A ofis sun gutsure sunan ya koma 'Yar Fenti, ita kuma ba ta taɓa hana su ba.

Suna da wata al'ada a wurin, irin ta masu wannan sana'a. Idan wasa ya kusa fita, kowane ma'aikaci yana da damar ɓoye abu ɗaya a ciki don girmama wani abin da yake ƙauna. Gaisuwa suke kiran abin. Mai haɗa sauti ya sa odar wata motar haya tana busa farkon kiɗan wani tsohon fim ɗin kaboyi. Wani ya jingine takobin jarumin gem ɗin yarintarsa a bayan kwandon shara. Oga da kansa, mai kamfanin, ya sa wani maigadi a bakin banki yana maimaita maganar da wani ɗan sandan fim yake yi kafin ya daki mutum. Masu wasa kuwa har gasa suke yi wajen tono waɗannan abubuwa, wanda ya fara gani ya hau intanet ya yi ta cika baki.

Ita babanta ta gaisar. Mai rubuta allunan shaguna ne, da buroshi da gwangwanayen fenti da tsani a kafaɗa, kuma bai taɓa sa sunansa a jikin aikinsa ba. A kusurwar ƙasa ta dama yakan zana ɗan ƙaramin kifi riƙe da jar lema, ma'ana fentinsa ba ya tsoron ruwan sama. Duk mai shagon da ya ga kifin ya san hannun wane ne. Ya rasu tana da shekara goma sha uku, daga baya kuma allunan roba da inji ke bugawa suka cinye allunansa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ko ɗaya ba ta san inda ya rage ba. Shi ya sa ta zauna kwana uku a kan abin da bai kai farce girma ba, tana gyara karkatar lemar, don babanta kullum yakan ɗan kwantar da ita hagu. Ta ɗora kifin a kusurwar allon wani mai faci, a lungun da ke bayan tashar mota.

To, akwai takarda a kwamfuta da kowa ke shigar da gaisuwarsa. Gida huɗu gare ta: wa ya saka, ina take, wane fim ko wasa ake gaisarwa, sai shekararsa da adireshinsa na intanet. 'Yar Fenti ta rubuta a gida na uku, "Babana." Na huɗu ta bar shi fili, don babanta ba shi da adireshi a intanet, ko hotonsa ma guda biyu ne a duniya.

Mai tsaftace takardar nan shi ne mai gwajin wasa, wani dogon saurayi da suke kira Na-Silima. Wannan bawan Allah, in ka yi atishawa zai gaya maka a wane fim aka taɓa yin irinta. Shi zai duba takardar, ya cike gurabe, sannan a aika wa wani mai bidiyo da ya yi suna wajen jera ɓoyayyun gaisuwar wasanni.

Wasa ya fita, ya samu karɓuwa daidai gwargwado. Sati uku bayan haka, ranar wata Laraba da azahar, tana buɗe kular abincinta a kan teburi sai ta ji ihu daga ɗaya ɗakin.

"'Yar Fenti! Taho, taho, kin ci gari! Taki ce ta ɗaya!"

Ta iske su sun yi dafifi a gaban allon kwamfutar Na-Silima. Mai bidiyon yana ƙirga gaisuwar daga ta takwas zuwa ta ɗaya, yana zuba kamar famfon da ya lalace. Sai ga lungun bayan tasha, ga allon mai faci, ga kifin an zuƙo shi har ya cika allo. Rabon da ta ga kifin nan da girma haka tun ranar da take riƙe wa babanta tsani.

"Wannan kuwa," in ji mai bidiyon, "sai ɗan gaske zai gane ta. Kamfanin da kansa ya tabbatar mini: gaisuwa ce ga fim ɗin katun ɗin nan na birnin ƙarƙashin teku, inda kifin yake fitowa da lema a minti na arba'in da ɗaya."

Ya jera hotuna biyu gefe da gefe. Na fim ɗin wani ƙaton kifi ne mai haƙora a waje, da shuɗiyar lema a miƙe sak. Kai jama'a! Ko makaho ya shafa ya san ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Aka ɗau tafi. Ita kuwa ta tsaya da cokali a hannu.

"Wane ne kamfanin da ya tabbatar?" ta ce.

Na-Silima ya juyo da kujerarsa yana washe baki. "Ni ne mana. Kin bar gidan shekara da adireshi babu komai, sai na cike miki. Kallo ɗaya na yi masa na gane. Ai har na ce wa kaina, ashe Anti ma tana kallon katun a ɓoye."

"Me na rubuta a gida na uku?"

"Kin rubuta Babana."

"To?"

"To na ɗauka fim ɗin da babanki yake so ne. Gidan ai na sunan fim ne, ba na sunan mutum ba, shi ya sa na gyara."

Ya gyara! Wallahi haka ya faɗa, kuma yana jira a yi masa godiya. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne babu mugunta ko ɗigo a fuskarsa. Shi dai a duniyarsa duk abin da ya cancanci a gaishe shi to an taɓa haska shi a allo, yana da shekara, yana da adireshi. Mutum ya gaishe da ubansa mai tsani da gwangwani, wannan bai taɓa ratsa ƙwaƙwalwarsa ba. Bango ɗaya ne tsakanin teburinta da nasa, amma bai iya tasowa ya tambaya ba, saboda ya riga ya sani.

"Fim ɗin naka yaushe aka yi shi?"

"Shekara goma sha biyu ke nan."

"Babana shekararsa ashirin a ƙasa. Daga kabari ya taso ya kalla?"

Mai haɗa sauti ya sulale ya koma wurinsa. Can Na-Silima ya ce, "Amma Anti, kamar ta yi yawa fa." Da ba don cokali ne a hannunta ba, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Ta wuce wurin Oga, wanda ofishinsa wani lungu ne da aka kare da katako. Ya saurare ta har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya yi wa mamacin addu'a, ya ce lallai an yi kuskure. Har ta fara sauke numfashi. Sai ya juyo mata da allon kwamfutarsa.

"Amma ki duba nan. Tun safe mutum dubu ɗari biyu suka kalla. Masoyan fim ɗin nan kamar ƙudaje suke, sun cika shafinmu, kowa yana neman lungun mai faci. Tun da muka fito ba a taɓa maganarmu haka ba."

"Sai a gaya musu gaskiya, Oga. Layi biyu ne. A ce mun yi kuskure, alamar wani mai fenti ce."

"Mu fito mu ce mun ba mai bidiyon nan bayanin ƙarya? Ba zai ƙara taɓa wasanmu ba. Kuma za su ce ina shaida. Kina da hoton allon babanki ko ɗaya?"

Ba ta da shi. Wa yake ɗaukar hoton allon shago a lokacin? Allo ai yana nan, kullum kana wucewa ta gabansa, har ranar da za ka wuce ka ga babu.

"Kin gani," ya ce, cikin muryar lallashi da ta fi zagi ciwo. "Kifin yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Ke kin san na waye, mu ma yanzu mun sani. Wa aka cuta?"

"Wanda ba ya nan balle ya yi magana," ta ce.

Oga ya ce a bari ƙura ta lafa, wata uku ko huɗu, sai a duba. Ta san irin wannan dubawar, ta ga an yi wa famfon banɗakinsu ita shekara guda.

Ta koma teburinta, abinci ya huce, ta ture shi gefe. Ta shiga ƙarƙashin bidiyon ta rubuta da sunanta cewa ita ta zana kifin, alamar mahaifinta ce, ba shi da haɗi da kowane fim. Kafin la'asar amsoshi sun fi sittin. Wani ya ce kowa ma ubansa ne ya ƙirƙiro. Wani ya ce ta je ta kalli minti na arba'in da ɗaya kafin ta buɗe baki. Wata ta liƙa mata hoton takardar kamfanin da mai bidiyon ya nuna, ga sunan fim ɗin ɓaro-ɓaro a gida na uku, a kan layin da ke ɗauke da sunanta. Yara waɗanda ba su taɓa jin warin fenti ba suna koya mata tarihin gidansu. Ta rufe kwamfutar da ƙarfin da ya sa Na-Silima ya zabura a can ɗakin.

Ranar Asabar da hantsi ta je gida gaishe da Mama, kamar yadda ta saba. A hanya ta yanke shawarar ba za ta faɗa mata ba. Matar da ta shekara goma sha biyar tana wanke buroshi da kananzir ba ta buƙatar jin wannan. Ta tarar ma ta fita dubiya maƙwabta, sai Auta kaɗai a tsakar gida yana goge takalmi. Auta ƙaninta ne, mai gyaran waya a kasuwa, shekararsa ashirin da uku. Yana da uku babansu ya rasu, don haka duk abin da ya sani game da shi a bakin mutane ya tsinta.

Yana ganinta ya miƙe da murna. "Yaya! Ashe haka kika yi suna ba ki faɗa ba? Duk layinmu an kalla. Na ce musu yayata ce ta zana, kuma kifin Babanmu ne."

Ga dai mutum ɗaya da ya san gaskiya.

"Ka gane shi?"

"Haba, ba kullum kina zana mini shi a bayan littafi ba ina ƙarami? Amma Yaya, ba ki taɓa gaya mini a katun Baba ya samo shi ba. Wallahi da na ji sai da na yi hawaye. Fim ɗin nan na kalle shi ya fi sau goma ban sani ba. Ashe ni na gado shi. Kowa yana cewa ba na kama da shi ta ko'ina, ga shi ashe abu ɗaya muke so."

Ya zuge zif ɗin rigar sanyinsa. A ƙirjin farar rigar da ke ciki ga ƙaton kifin nan mai haƙora, da shuɗiyar lemarsa a miƙe. Jiya ya kai aka buga masa. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: DON TUNAWA DA BABA.

Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji ba, kuma ba ta san a kan wa za ta sauke shi ba.

"Auta, cire rigar nan."

"Saboda me?"

"Ba kifinsa ba ne. Baba bai kwaikwayi kowa ba. Ya rasu da shekara takwas kafin a yi fim ɗin nan, ka ƙirga da kanka."

Ya tsaya yana kallonta, murnar tana zagwanyewa daga fuskarsa. Ta ga yana ƙirgawa, ta kuma ga ba ya son abin da ƙirgar ke ba shi.

"Wataƙila akwai tsohonsa," ya ce. "Irin waɗannan ai sake su ake yi. Wani ma ya faɗa a ƙasan bidiyon."

"Babu wani tsohonsa! Ni na riƙe masa tsani, a gabana yake zana shi!"

"To ai kamfaninku ne ya faɗa, Yaya. Da sunanki a jikin takardar." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ke kina da shekara goma sha uku da shi. Ni wannan kaɗai na samu, shi ma sai kin ƙwace?"

Duk maganar da ta tara tun Laraba, wadda ta ishi Oga da Na-Silima da mutum dubu ɗari biyu, ba ta da ko ɗaya da za ta iya faɗa wa wannan.

Auta ya sunkuya ya ɗaura takalminsa. Ya ce Mama ta kusa dawowa, shi zai leƙa shago, akwai masu jiran wayoyinsu. Ya bar zif ɗin a buɗe, ya fita da rigarsa a jikinsa.